Gasarar da Na Zuba wa Mota

Akwai wani dattijo a garinmu da na jawo aka ci mutuncinsa a tsakiyar kasuwa, kuma na yi kwana goma sha ɗaya ina ji ina gani ban buɗe baki ba. Mai gyaran lagireto ne, wato tukunyar ruwan nan da ke gaban mota, wadda ke hana inji ɗaukar zafi. Ya girmi maigidana da 'yan shekaru. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci bayan na aurar da 'ya'ya biyu, saboda haka in an ga magana ta karkace a yi mini uzuri.

Motar ta ɗan farina ce. Akori-kura ce fara, tsohuwa, wadda ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta waje. Da ita yake kwasar tumatir da albasa na masu noman rani daga wajen Bagwai zuwa birni, ranar kasuwar Shanono kuma ya ɗebi mutane da awakinsu. Da ita yake ci da iyalinsa, mu ma muna lasa.

Ba zan faɗi sunansa ba, domin ban taɓa faɗa ba. A yadda na taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta yaye shi, a ɗakinta ya girma. Yaran yanzu dariya abin yake ba su, 'yata ma kiran nata take yi gatsal tun daga zaure, amma ni jikina ya riga ya saba. Kullum da safe yakan durƙusa a bakin ƙofata ya ce, "Inna, ina kwana?" ni kuma in amsa ina kallon tsintsiya ko murhu. In ina da magana da shi sai in bi ta wajen babansa, ko in faɗe ta ga iska ya tsinta. Abin da nake yi masa kuwa, a ɓoye nake yi. Tun yana yaro, in an yanka kaza, ƙanwarsa nake ba cinya in ce ta kai ɗakin kakarsu, na san bakin da za ta faɗa.

A wajenmu babu filin banza. Gona tana jingine da gona, dawa takan zo har jikin danga. Don haka motar a bayan gida take kwana, tsakanin rumbuna biyu, ƙarƙashin darbejiya, inda nake zuwa ɗibar kara. A bazarar bara waccan na fara ganin ƙasa a jiƙe a ƙarƙashin hancinta duk safiya, har kaji suna taruwa a wurin. Shi kuma kafin ya tayar da ita sai ya zo randata ya cika jarka biyu, ɗaya ya ɗura mata, ɗaya ya ajiye a baya saboda hanya.

Ya kai ta wajen dattijon nan. Rumfarsa tana bakin kasuwa, kusa da masu faci. Ni ban taɓa shiga ba, amma na san aikinsa kamar na gani, domin matarsa ƙawata ce. Tare muka yi yaƙi da jahilci, benci ɗaya, kuma har a lokacin tare muke zuwa Islamiyyar matan aure Asabar da Lahadi. Takan ba ni labarin yadda yake cire lagireto ya toshe bakunansa, ya nutsa shi cikin bahon ruwa ya hura masa iska, ya tsaya yana kallon inda kumfa za ta fito. Inda ta fito, nan zai kankare ya narka dalma ya liƙe. Ta ce in yana wannan kallon ko sallama ba ya amsawa.

Da yaron ya dawo, ina tankaɗe a tsakar gida na ji yana ba babansa labari. Ya ce an liƙe huji biyu. Ya ce dattijon ya kuma gano ɗan kwanon da ke tsakanin bututun hayaƙi da tiyon ruwa ya faɗi tun tuni, zafi yana ta gasa robar har ta fara tsattsagewa, shi ne ya yanko gwangwani ya lanƙwasa ya ɗaura a wurin ya kare ta.

"Ya ce wai tiyon ƙasan ya gama yayi, in sayo sabo a birni," in ji shi.

"To ka sayo mana," in ji babansa.

"Baba, bari tumatir ya ƙare. Yanzu ko tsayuwar fitsari ba na samu."

Na ji wannan maganar da kunnena. Ina so a riƙe ta, domin daga baya na so in ce wa kaina ban san daga ina sauran yoyon yake ba, alhali na sani.

Yoyon ya ragu amma bai tsaya ba. Jiƙon da dā ya kai faifai ya koma kamar tafin hannu. Wata yamma wani direba abokinsa ya zo suna hira a jikin motar, ni kuma ina bayan danga ina ɓarar gyaɗa.

"Kai ma da wahalar da kai kake," in ji abokin. "Fasa ƙwai ɗaya ka zuba a ciki. Ko garin barkono. Kafin ka kai kwalta ya toshe."

"Motata ce, ba kaskon mai shayi ba," in ji shi, suka yi dariya.

Ni ban yi dariya ba. Tunani na shiga yi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ta sayi sabuwar tukunyar ƙasa ba ta ɗora miya a ciki sai ta dafa ƙasari a cikinta tukuna, ruwan wankin tsaba ke nan, har da ɗan gari. In ya tafasa sai ya bi ƙananan ƙofofin yumɓun ya toshe su, tukunya ta daina tsattsafo. Na yi haka da hannuna ban san iyaka ba, bai taɓa ba ni kunya ba. Sai na ce a raina, ashe maza ma sun san wannan dabarar, kwaikwayonta kawai suke yi da ƙwai. Tukunya ce ta ruwa, tana hawa wuta, tana yoyo. Me ya bambanta ta da tawa?

Da wata uwar ce, sai ta kira ɗanta ta ce, ga abin da na sani, yaya ka gani? Da ya yi dariya, magana ta mutu a nan. Ni ba ni da wannan hanyar. Ta wajen babansa ce hanyata, shi kuma na san abin da zai ce: "Ke da mota?" Amma ba zan ɗora wa kunya laifin duka ba. Akwai son a ce na iya, ko da ni kaɗai ce zan sani. Kuma shekara talatin da wani abu ina tura masa cinyar kaza ta hannun wasu, na saba da yi masa alheri ba da saninsa ba har na manta cewa akwai abin da sai an tambaya.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci. Surukata tana sashensu, jaririnta ya samu barci. Da ma na yi gasara da safe don kokon gobe. Na ɗebi kwano guda cike, na sirka da ruwa, na barbaɗa tafin hannu na kuka saboda yauƙinta ya taimaka wajen kamawa. Murfin gaban motar da waya ake ɗaure shi, na sha ganin yadda yake kwancewa. Na ɗaga na tokare da kara. Injin ya huce tun jiya. Na murɗe murfin lagireto, na yi bisimilla, na ɗura a hankali har kwanon ya ƙare, na bi da ruwan buta. Na goge bakin da gefen zanena, na mayar da komai yadda na same shi. Har share sawuna na yi.

Asabar ya je Shanono ya dawo, tafiya ba nisa. Lahadi da safe na je ɗibar kara, ƙasa a bushe ƙamas. Kaji sun zo sun duba sun koma. Na ji yana ce wa babansa, "Ashe dattijon nan ya iya aiki. Sai yanzu dalmar ta zauna." Ina shara ina murmushi ni kaɗai, har surukata ta tambaye ni ko an yi mini albishir ne.

Litinin ya yi lodin tumatir na mutum shida, kwanduna har sama da kan motar, ya kama hanyar birni. Ranar an yi zafin da ko ƙadangare bai fito ba. Ana kiran azahar wayar babansa ta yi ƙara. Ina jin muryar yaron daga inda nake, sama-sama. Mota ta tafasa a hanya. Ya ga allurar zafi ta hau, ya ce bari ya lallaɓa ya kai inuwa, kafin ya kai tururi ya turnuƙe gabansa, injin ya mutu. Ya jira ta huce ya ɗura ruwan jarka, ruwan ya ƙi shiga, yana dawowa ta baki. Tumatir ya yi awa huɗu a rana kafin a samu motar da za ta juye shi. Da ya isa kasuwa rabi ya zama ruwa.

Da igiya aka jawo ta zuwa Bagwai wajen bakaniken inji. Aka ce gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe sai an kai birni an goge. Washegari da la'asar ya shigo gida da baƙar leda a hannu, ya zube ta a kan tabarmar babansa. Ina tsaye da kwanon ruwan da na kawo.

"Baba, duba abin da aka ciro daga cikin lagireto."

Wani abu ne mai kauri kamar tuwon da ya kwana, ya yi ruwan ƙasa saboda tsatsa, da ɗan kore-kore a jikinsa. Ƙamshin tsamin gasarata bai gama fita ba. Ko a cikin duhu aka miƙo mini zan gane ta.

"Mene ne wannan?" in ji babansa.

"Talge ne, Baba! Na kai masa aikin dalma ya dama mini talge. Ya ga ba zai iya hujin ba ya ɗura gari ya toshe, ya bar ni in mutu a hanya da kayan mutane."

"Kai, yi a hankali. Mutumin nan tun kana rarrafe yake wannan aikin. Ka tabbata?"

"To wa ya taɓa motar in ba shi ba? Aljani?"

Na ajiye kwanon ruwan. Hannuna bai ko yi rawa ba, abin da har yau yake ba ni tsoro game da kaina. Na juya na shiga ɗaki. Na ce wa kaina ba a yin magana da mai fushi, bari ya huce zuwa gobe. Na ce ai ba a gabansa zan faɗa ba, sai babansa yana shi kaɗai. Babansa ya shigo shi kaɗai bayan magariba, na zuba masa tuwo, muka yi zancen taki.

Ranar kasuwarmu yaron ya ɗauki ledar ya tafi rumfar dattijon. Maƙwabciyata mai sayar da ƙuli-ƙuli tana wurin, ita ta kawo mini labarin da ɗuminsa, tana tsammanin daɗi zan ji an ƙwato wa ɗana haƙƙi. Ta ce a gaban direbobi da masu faci da 'yan kallo ya jefa masa ledar a gabansa, ya ce masa macuci, ya ce furfurar banza. Dattijon ya ɗauki abin ya murza a yatsa ya sansana, ya ce, "Ɗana, ban zuba wannan ba. Dalma na sa maka, Allah yana gani." Wani daga cikin direbobin ya ce, "Baba, a ba mu na hamsin, a sa sukari!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin la'asar sunansa ya koma mai koko.

"Ai gara da aka tona shi," in ji maƙwabciyar. "Ko ba haka ba, Inna?"

Na ce, "Allah ya kyauta."

Ranar Asabar na so in ƙi zuwa Islamiyya, sai na ga rashin zuwan zai fi zama magana. Na tarar da matarsa a bencinmu ta ajiye mini wuri da jakarta kamar kullum. Na zauna. Malama tana biya mana hadisi, ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka tashi ta riƙo hannuna a bakin ƙofa.

"Kar ki sa komai a ranki," in ji ta. "Ni da ke babu komai. Yaro ne, ya yi asara, dole ransa ya ɓaci."

Na ce, "Yaya Malam ɗin?"

"Yana nan. Yana fita da safe ya buɗe rumfa ya zauna, ya rufe ya dawo. Tun ranar ko mai babur bai tsaya ba. Jiya har wanda ya bar aikinsa a wurin ya aiko a karɓo masa ba a taɓa ba." Ta gyara mayafinta. "Abin da ya fi cinsa, ya ce ya rasa ta inda garin ya shiga. Sai ya zauna yana lissafa aikin tun daga cirewa har mayarwa, yana cewa ko tsufa ne ya fara taɓa shi bai sani ba."

Wannan ce maganar da ta hana ni sakat. Mutum ya shekara talatin yana aiki da gaskiya, na sa ya fara zargin hankalinsa. Amma ko a nan ban faɗa ba. Na ce mata Allah ya bayyana gaskiya, ta ce amin, har da shafawa.

Sai a kwana na tara na faɗa wa maigidana. Da hantsi ne, yana zaune a gindin rumbu yana sa wa fartanya ƙota, domin an fara sharar gona. Na tsuguna nesa kaɗan na ce, "Malam, garin nan da aka samu a mota, ni na zuba."

Bai ɗago ba. "Wane gari?"

"Gasara ce. Da kuka."

Ya ajiye fartanyar. Ya dube ni ya daɗe. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari, yana cewa, "Da kuka! Ba ki sa daddawa ba?" Ni ina tsugune ina kallon ƙasa. Can dariyar ta tsaya kamar an yanke ta da wuƙa.

"Innā lillāhi. Tun yaushe kike riƙe da wannan?"

"Tun ranar."

"Kina tsaye a kaina yaron nan yana rantsuwa?"

"Ina tsaye."

Ya murza gemu. Mutumin kirki ne, kuma ni ya so ya rufa wa asiri. Ya ce zai je wajen dattijon a ɓoye ya ba shi haƙuri, a ce yara ne suka yi wasa suka zuba. Ya ce uwar magidanci ba abar dariyar tasha ba ce, in maganar ta fita har jikokina sai an tsokane su da ita. Na ce to. Na ji sanyi a raina, kuma na ji kunyar sanyin.

Kwana biyu ina juya shawarar. Wane yaro ne zai kwance waya, ya ɗaga murfin mota, ya dama gasara da kuka? Duk wanda ya ji zai ce maigidana ne ya ƙago don ya ceci dattijon, sunan mai koko ya ƙara zama. In kuwa an yarda daga gidanmu ne, kowa ya san hannun mace ne, kuma mata biyu ne a gidan. Ba ni za a nuna ba, surukata za a nuna. Na ga dai duk inda na karkata abin, wani zan sake dannewa.

A safiya ta goma sha ɗaya yaron ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya rame, motar tana Bagwai a buɗe, shi kuma yana bin wasu direbobin yana karɓar musu tuƙi su ɗan sallame shi. Ya ce, "Inna, ina kwana?" Ya yunƙura zai tashi kamar yadda ya saba.

Na ce, "Zauna."

Ya tsaya a rabin tashi. Ya waiwaya ko da wani nake. "Inna, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Ba a yi ba. Zauna, da kai nake."

Ya zauna a dandamali. Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙafarsa na kalla, na ga yatsun irin na mahaifina ne, ban taɓa lura ba. Na faɗa masa tun daga hirarsa da abokinsa har share sawu. Ban tsallake cewa na ji maganar tiyo ba. Maganar da na yi masa a ranar ta fi duk wadda na yi masa tun haihuwarsa in an haɗa.

Ya ɗago ya dube ni. Sannan a hankali ya ce, "Inna, ke?"

"Ni."

"Na ce masa furfurar banza." Ya rufe fuska da hannu biyu. "A gaban mutane, Inna. Da kin ce mini ko da... ko ta bakin Baba."

Na ci gaba da kallon ƙafarsa.

"Zan ce ni na zuba," in ji shi. "Zan ce shawarar ƙwan nan na bi na manta."

"Ka zuba ka manta, sannan ka je ka zage shi? Wa zai yarda? Tashi ka kira babanka."

Muka tafi mu uku, babansa a gaba, ni a tsakiya, shi a baya, muna bin 'yar hanyar da ke tsakanin gonaki ana ta zuba tsibin taki. Mun sami dattijon a zaurensa bai fita ba tukuna. Da ya ga yaron sai fuskarsa ta ɗaure, da ya gan ni kuma ya rasa yadda zai yi, ya jawo buzu ya ba maigidana. Aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Maigidana ya buɗe baki, na riga shi, don na san in ya fara zai sassauta. Na durƙusa na faɗa. Na ji motsi a bayan labulen ƙofar cikin gida, na san matarsa tana tsaye.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya sauke wani dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban haukace ba." Ya sake faɗa, a hankali, kamar shi kaɗai. Sannan ya dube ni. "Ta gero ce ko ta dawa?"

"Ta gero."

"Na faɗa! Na ce wannan tsamin na gero ne, aka ce in rufe baki." Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya jawo wani guntun tsohon lagireto da aka yanke, ya ajiye a gabana. "Duba nan, Hajiya. Tukunyarki ciki ɗaya gare ta. Wannan kuwa maƙogwaro ne fiye da ɗari, kowanne bai kai karan tsintsiya ba. Ta nan ruwa ke bi iska ta fifita shi. Kin dama masa koko, wuta ta dafa, ya shaƙe. Ba ki yi ƙarya ba, yoyo ya tsaya. Komai ma ya tsaya."

Maigidana ya so ya yi dariya ya haɗiye. Yaron ya matso ya kama ƙafar dattijon yana ba da haƙuri. Dattijon ya bar shi ya gama, bai janye ƙafar ba, bai kuma dafa kansa ba.

"Na yafe," in ji shi. "Amma ka sani, tun da na fara aikin nan ba a taɓa jefa mini aiki a gaba ba. An sha dawo mini da shi, in gyara. Jifa dai sai kai." Ya juyo wajen maigidana. "Maganar ta tsaya a zauren nan. Ba za a kai sunan mace tasha ba. Wanda zai dawo zai dawo."

Ga ƙofa an sake buɗe mini, kuma mai haƙƙin ne da kansa ya buɗe. Wallahi na so in bi. Na ce, "Malam, a kasuwa aka ɓata, ba a zaure ba. A can yaron zai faɗa, kuma ya ce ni ce."

Dattijon ya mayar da guntun lagireton bayan ƙofa. Labulen ya motsa, na ji tafiyar matarsa ta koma ciki.

Ranar kasuwa yaron ya tsaya a bakin rumfar, ya tara direbobin da ya samu, ya faɗa. An ce sau biyu ya fara yana tsayawa kafin ya iya cewa mahaifiyarsa ce. Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Har yanzu in na wuce tasha zuwa asibiti akwai mai cewa, "Inna, motata na yoyo, a taimaka da kofi ɗaya," in ce Allah ya shirye ku, in wuce. Wannan bai dame ni ba, na saya da kuɗina.

Dattijon da kansa ya aika aka kawo lagireton daga Bagwai. Ya narke dalmar ya buɗe kansa, ya bi maƙogwaron nan ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, kwana biyu yana yi. Bai yarda ya mayar ba sai da aka kawo sabon tiyo ya gani da idonsa. Motar ta tashi bayan an gama shuka.

Direbobin garinmu sun koma wajensa, ba duka a lokaci ɗaya ba. Na wajen Shanono kuwa, da dā suke tsallako masu gyara biyu su zo gare shi, labarin farko ya isa can, na biyun bai isa da ƙarfinsa ba. A 'yan kwanakin nan sun saba da wani, ba su dawo ba. Yanzu rabin rumfarsa ya ba mai cajin waya.

Matarsa ta koma bencin gaba. In na gaishe ta tana amsawa, har ta tambayi jikoki. Sau ɗaya kawai ta taɓa maganar, muna sa takalma a bakin aji, ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Gasarar ba komai ba ce, kowa yana kuskure. Amin ɗin da kika sa na shafa ne." Da kaka ta yi na auna wake mai kyau a sabuwar ƙwarya na aika mata. A wajenmu ba a mayar da ƙwarya haka nan, ko barkono uku ne sai an jefa a ciki. Ta karɓi waken, ta ce a yi mini godiya. Ƙwaryar ta dawo da yamma, an wanke ta tas, an kife ta a kan faifai.